Dakta Lukumanu a Gaban Surukai

Tun da Lukumanu ya dawo daga Masar, babu wanda ya sake yin tari cikin kwanciyar hankali a gidansu da ke unguwar Bracodi a Abidjan. Da ka yi gyaran murya zai fito daga ɗakinsa da abin sauraren ƙirji rataye a wuya, ya tambaye ka tun yaushe, ya girgiza kai, ya ce a Alƙahira ba a kwana da irin wannan tarin. Shekarun da ya yi a can, aikinsa shi ne tarar marasa lafiya 'yan Najeriya a filin jirgi, ya ɗauki jakunkunansu, ya kama musu layi a asibiti, ya sayo musu burodi. Amma idan daga bakinsa ka ji labarin, kusan duk tiyatar da aka yi a ƙasar yana tsaye a gefen gadon, kuma manyan likitoci ba sa ɗaukar wuƙa sai sun dubi fuskarsa tukuna. Matan ƙabilar Jula da ke haya a tsakar gidan suka laƙaba masa Dogotoro, wato likita da harshensu. Ya ɗauka girmamawa ce, ya riƙa amsawa da faɗi.

Mai gidan shi ne baffansa, Alhaji Sadi, mai shigo da tukwane da kuloli daga waje. Zuciyar Alhaji ta yi rauni, ruwa ya taru masa a ƙafafu har idon sawunsa ya ɓace. Wani likita a unguwar Treichville ya ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya fara mai fitar da ruwa ta fitsari, guda ɗaya kowace safiya. Ya hana shi gishiri da dunƙulen miya, ya ce ya riƙa zuwa ana auna jininsa. Kumburin yana sauka, amma a hankali. Lukumanu ya juya kwalin maganin gaba da baya, ya yi tsaki, ya ce likitocin garin nan tsoron magani suke yi.

Da ma da dalilin da ya sa ƙafafun baffa suka dame shi. Akwai Radiyya, 'yar Alhaji Harouna, wani Bamaradiye da ya tsufa yana sayar da shinkafa a Treichville. Haihuwar Abidjan ce, Faransancinta ya fi Hausarta gudu, kuma tana jin daɗin labaran Masar, ko da yake ba ta taɓa cewa ta yarda da su ba. Mahaifinta ya ce yaron ya zo tare da baffansa a ga juna. An sa rana, aka ɗaga, aka sake sawa, aka sake ɗagawa, saboda Alhaji Sadi ya rantse ba zai je gidan mutumci da silifas ɗin banɗaki ba, kuma babu takalmin da ke shiga ƙafarsa. Matarsa Hajiya Bilki ta tuna masa cewa ai a bakin ƙofa ake cire takalmi. Ya ce ai nan ɗin ne kowa ke ganinsa. Daga ƙarshe Alhaji Harouna ya aiko cewa ran Asabar yana gida, kuma in ba a zo ba zai saurari wani yaro mai aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa.

Da safiyar Asabar, Alhaji Sadi ya riga ya sha ƙwayarsa tun bayan asuba, yana zaune a tsakar gida ya ɗora ƙafafu a kan kujera 'yar tsuguno, sai ga Lukumanu da kofin ruwa da ƙwaya huɗu a tafin hannu. Ya yi bayani da ƙarfi yadda 'yan haya za su ji. Ya ce lissafi ne mai sauƙi: in guda ɗaya tana fitar da ruwan kwana ɗaya, huɗu za su fitar da na kwana huɗu kafin azahar. A Alƙahira, in ji shi, ya ga an zo da wani attajiri kamar ganga, aka ba shi tafi guda, da la'asar sai da aka rage masa wando.

Alhaji ya fara miƙa hannu. Hajiya Bilki ta ajiye tsintsiya ta shiga tsakaninsu.

"Mai takardar asibiti ya ce ɗaya," ta ce. "Kai da wace takardar ka ce huɗu?"

"Umma, ni a kan aikin na koya, ba a takarda ba."

"To ai ko masu tallar magani a kasuwar Adjamé sai sun kurɓa a gaban jama'a sannan su sayar. In babu illa, sha mu gani."

Matan da ke wanki suka dakata. Wani tela da ke ɗakin ƙofa ya leƙo da allura a baki. Lukumanu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga irin kallon da ake yi wa Dogotoro, ya ce shi da ya ga abin da ya gani, ƙwayar tsofaffi ce za ta ba shi tsoro? Ya watsa duka huɗun a baki, ya kora da ruwa, ya buɗe baki ya nuna musu harshe kamar yadda masu tallar suke yi. Sannan ya juya zai ɓallo wa baffa nasa kason, ya tarar kwalin ya riga ya shige ɗaurin zanin Hajiya Bilki. Ta ce a bari a ga yadda zai wuni. Alhaji Sadi ya yi ta ƙunƙuni, daga bisani ya sa aka take bayan wani tsohon takalminsa na fata, ya zura ƙafa, ya ga ya shiga, ya ce haka nan za a je.

Lukumanu bai gama cin garba, dambun rogo da kifin da ya aika aka sayo masa, ba ya ajiye cokali ya ɗauki buta. Ya fito yana murmushi, ya sanar da tsakar gida cewa magani ya fara aiki. Bai kai ga zama ba ya koma. A zuwa na gaba ya tarar da mutum a ciki, banɗakin kuwa ɗaya ne ga dukan 'yan haya, ya tsaya yana rawa a ƙafa ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙyauren langa-langa da sunan gaggawa ta likitanci. Wata Bajula mai suyar ayaba ta ce wa 'yar'uwarta yau Dogotoro ya buɗe ofis.

Sa kaya ma ya zama aiki. Farar shadda ce ya ba da aka ɗinka masa, babbar riga da 'yar ciki da wando, ta sha sitaci har tana ƙara. Ya ɗaure zariya, ya kwance, ya tattare babbar riga a kafaɗa ya ruga, ya dawo ya ɗaure. Hajiya Bilki, duk da haushinsa da take ji, ta miƙo masa gorar ruwa ta ce ya riƙa kurɓa a hanya. Ya ƙi. Ya ce ilmi ya nuna abin da bai shiga ba ba zai fita ba.

Abokinsa Ɗanlami, mai sayar da wayoyi a Adjamé, shi ya zo da mota zai kai su. Tun kafin su fita daga unguwa Lukumanu ya fara yi masa darasi daga kujerar baya. Ya ce ku da ba ku taɓa barin Abidjan ba kun manta al'ada. Mai neman aure na ƙwarai ba ya hawa kujera a gidan surukai, tsugunawa yake yi. Ba ya ɗaga kai, ba ya cin komai, ko ruwa ba ya sha. Yau zai nuna wa mutanen Treichville cewa akwai sauran 'ya'yan mutunci. Bai rufe baki ba ya taɓa kafaɗar Ɗanlami ya ce a tsaya a masallacin can, yana so ya sabunta alwala.

Alhaji Sadi ya ji daɗi, ya ce Allah Ya yi albarka, ashe Masar ta yi rana. Da aka sake tsayawa a masallaci na gaba ya dubi agogonsa. Da Lukumanu ya sake hango wata hasumiya ya fara gyara zama, Alhaji ya waiwayo ya tambaye shi ko limanci aka ba shi a unguwannin nan. Ɗanlami ya ce a wannan tafiyar, kafin su isa an sa wa ɗan Radiyya na fari suna.

A kan gada abin ya ƙazanta. Wata gbaka, ƙaramar bas ta haya, ta mutu a tsakiya, motoci suka tsaya cak. Babu masallaci, babu lungu, babu ko gindin bishiya. Ga ruwan lagun, babban tafkin da ya ratsa garin, shimfiɗe dama da hagu, yana kaɗawa a hankali kamar da gangan. Lukumanu ya rufe ido don kada ya gani, sai ya ji wata mai tallar ruwan leda tana wucewa ruwan yana ɗiga daga tirenta. Ya harɗe ƙafafu, ya karanto duk addu'ar da ya sani, ya haɗa da ta shiga kasuwa. Ɗanlami ya miƙo masa wata gora da babu komai a ciki ba tare da ya waiwayo ba. Lukumanu ya dubi ƙeyar baffansa, ya dubi farar shaddarsa, ya mayar da gorar. Suna sauka daga gadar ya buɗe ƙofa motar ba ta gama tsayawa ba, ya faɗa wani shagon wankin mota, ya fito yana gode wa mutanen da Larabci.

Gidan Alhaji Harouna a saman wani tsohon bene yake. Kafin Lukumanu ya kai ƙarshen matattakala bakinsa ya bushe kamar kilishi, kunnuwansa suna ƙugi, kuma sai ya ga kamar bangon yana ɗan matsawa gefe. Alhaji Sadi, mai ciwon zuciyar, ya riga shi isa.

Falon cike yake da dattawa. Aka shigar da kayan gaisuwa, goro da alewa, aka ajiye a gefe. Lukumanu ya zube a bakin ƙofa ya tsuguna, kai a ƙasa. Alhaji Harouna, mutum mai fara'a, ya nuna masa kujera.

"Taso ka zauna, ɗana. Nan Abidjan ce, ba mu tsananta ba."

"A'a, Baba, nan ma ya isa."

Dattawa suka gyaɗa kai, wani ya ce da wuya a ga irin wannan a yaran yanzu. Lukumanu ya saci kallon Ɗanlami don ya tabbata ya ji. Aka kawo zoɓo mai sanyi a babban jug, jikinsa yana raɓa, aka ɗora a teburin tsakiya. Aka zuba masa kofi aka ajiye a gabansa. Ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Ya zauna yana kallon ƙanƙarar tana narkewa, harshensa ya manne a dasashi. Mararsa kuma ta sake cika, abin da ya ba shi mamaki, don bai san inda jikinsa ke samo ruwan ba. Ya ɗan karkata ido ya nemi banɗaki. Ƙofar tana can bayan labule, ta inda muryoyin mata ke fitowa. Ko da wuƙa aka sa masa a wuya ba zai tambayi surukinsa hanyar wurin ba.

Alhazan biyu suka shiga gaisuwa. Suka gaisa a kan gida, suka gaisa a kan kasuwa, suka tsaya a kan tsadar kwantena, suka bi dangin juna har Maradi da Kano suka dawo. Ƙafafun Lukumanu suka fara rawa a ƙarƙashin babbar riga.

Can Alhaji Harouna ya juyo gare shi ya ce ya ji labarin ya yi aikin likita a Masar, kuma Allah Ya kawo shi a kan gaɓa, domin mai ɗakinsa Hajiya Zalihatu tana fama da kumburin ƙafa. Alhaji Sadi ya yi tari mai ma'ana. Lukumanu ya ji tarin sarai, amma an ce likita a gaban dattawa, kuma labule ya motsa ya hango gefen mayafin Radiyya. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, a kira ta.

Hajiya Zalihatu ta fito a lulluɓe, ta zauna a bakin kujera ta ɗan miƙo ƙafa tana kawar da kai. Lukumanu ya ja jiki a tsugune ya matsa kusa. Yana ɗora nauyinsa a ƙafar dama, tsokar bayan ƙwaurinsa ta dunƙule wuri ɗaya kamar an murɗa ta da filaya. Azaba ta hau masa har ƙeya. Ya kai hannu ya cafki abin da ya fi kusa, abin kuwa idon sawun surukarsa ne, ya riƙe da hannu biyu, ya sunkuyar da kai yana nishi ta hanci.

Hajiya ta ja ƙafarta, ta ji ba ta zuwa.

"Alhaji," ta ce da mijinta a hankali, "dubawa yake ko cirewa zai yi?"

Lukumanu ya ce ta cikin haƙora haka ake aunawa a Masar, sai an matsa ake jin zurfin ruwan. Ta hagun ma ta ɗaure. Ya ƙara matsawa. Wani dattijo ya ce lallai aikin asibiti sai mai ƙarfi. Alhaji Harouna, wanda fara'arsa ta fara raguwa, ya tambaya me za a ba ta. Lukumanu, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan kafet, ya ambaci ƙwayar baffansa, ya ce ta sha huɗu a tashi ɗaya, kafin yamma za ta manta ta taɓa kumburi.

A daidai nan mararsa ta ba shi sanarwar ƙarshe. Ya saki ƙafar, ya yanke shawarar ya fita da gudu ya yi bayani daga baya, ya miƙe zumbur. Fitilar falon ta yi nisa, fuskokin dattawa suka haɗe, ya ji kamar wani yana kiran sunansa daga cikin rijiya. Ya tafi gaba gaba ɗaya, ya sauka a kan teburin tsakiya.

Da mata suka fito suka ga farar shadda ta yi jajir, sai salati ya tashi, don sun ɗauka jini ne. Zoɓo ne. Akwai kuma wata jiƙar a ƙasan wandon da launinta bai yi kama da zoɓo ba, wadda dattawa suka ga ya fi dacewa kada su gani. Wani ya ce aljanu ne, a kawo tazargade. Wani ya ce kunya ce ta yi masa yawa. Ɗanlami ya ga in aka biye wa aljanu abokinsa zai iya tafiya, ya buɗe baki ya faɗi abin da 'yan haya suka gaya masa an yi a tsakar gidan Bracodi, bai rage ko nuna harshen ba.

Mutum huɗu suka sauko da shi daga benen, kowa da gaɓa ɗaya, babbar riga tana jan matattakala. Masu shaguna suka fito kallo, suna ce masa yako, kalmar da mutanen Abidjan ke yi wa mai wahala sannu da ita. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti a bayan layin.

Ya farfaɗo ya ga robar ƙarin ruwa rataye a kansa, ga baffansa, ga Alhaji Harouna a tsaye hannu a baya, ga Radiyya da aka taho da ita don ta yi magana da ma'aikata. Likitar mace ce, kuma an riga an gaya mata mara lafiyar abokin aikinta ne daga Masar. Don haka ta yi masa magana yadda likita ke yi wa likita, da Faransancin asibiti, ta jero tambayoyi. Faransancin Lukumanu na kasuwa ne. Ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri da Larabcin Masar. Ta sake tambaya. Radiyya ta matso ta ce tana tambayar miligiram nawa ne a kowace ƙwaya.

Ya ce farare ne, 'yan ƙanana.

Radiyya ta mayar wa likitar da wannan amsa daidai yadda ya faɗa. Likitar ta dube shi ta saman tabarau, ta daina yi masa magana, ta koma yi wa dattawan, Radiyya tana juyawa zuwa Hausa a tsanake, ba ta tsallake komai. Ta ce ƙwayar ba ruwa kaɗai take kora ba, tana tafiya da gishirin jiki, musamman wanda ake kira fotasiyam, shi ya sa tsoka ke ɗaurewa. In ruwa ya ragu da yawa jini yana sauka, mutum ya miƙe da sauri sai ya faɗi. Shi ya sa ake ba da ita da awo, ana duba jini, ana cewa mai sha ya zauna tukuna kafin ya tashi. Wannan saurayi ne, ƙodarsa lafiya, zai kwana biyu yana jin jiri, ya sha ruwa, ya ci ayaba, ya warke. Amma da tsoho mai ciwon zuciya ne ya sha huɗun nan, bugun zuciyarsa na iya rikicewa, kuma ba lallai a kawo shi da rai ba.

Alhaji Sadi ya nemi kujera ya zauna. Ya kafe ɗan ƙaninsa da ido. Alhaji Harouna ya tambayi 'yarsa ko guda nawa yaron ya ce a ba mahaifiyarta ɗazu. Radiyya ta ce ai Baba yana wurin. Ya ce haka ne, so yake ya tabbata kunnensa ya ji daidai. Ya yi wa Alhaji Sadi sallama da hannu biyu, ya yi wa mara lafiya fatan sauƙi, ya sa 'yarsa a gaba suka fita.

Da aka sallamo shi, Lukumanu ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya jingina da bango, ya fara gyara labarin. Ya ce duk babban likita a kansa yake fara gwada magani, kuma da bai sadaukar da jikinsa ba da yanzu ana zaman makokin mutum biyu. Game da Radiyya kuwa, ya ce shi ne yake sake tunani, don kumburin ƙafa yana bin jini, kuma ya ji da hannunsa yadda na gidan ya yi zurfi. Yana cikin wannan bayani wani ƙanin Alhaji Harouna ya yi sallama, ya sauke goro da alewar da aka kai, ko ɗaurin ba a kwance ba. A kai an ɗora nonon ayaba guda. Ya gaida Hajiya Bilki, ya ce Alhaji yana godiya, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Ayabar kuma Radiyya ce ta ce a kawo wa Dakta, ta ce a gaya masa ɗaya-ɗaya ake ci.

Mai suyar ayaba ta kifa kai a cikin kwanonta, kafaɗunta suna rawa. Lukumanu ya yunƙura zai miƙe ya ba mutumin amsar da zai kai Treichville. Tsakar gidan ta fara juyawa. Ya koma ya zauna, ya dafa tabarma da hannu biyu yana jiran kansa ya tsaya, kuma kafin ya tsaya mutumin ya kai bakin titi ya tari mota.